Muryar da Ba Ta Kai Azahar

Asabar, 16 ga Yuli, 1955, bayan la'asar

Ba ni da murya. In na buɗe baki iska ce kawai ke fita, sai matata Salmatu ta kawo kunnenta kusa kafin ta gane ruwa nake so. Shi ya sa na ɗauko fensir. Bara da na shiga ajin yaƙi da jahilci, Ya'u makaɗina dariya ya riƙa yi mani, wai me mawaƙin noma zai yi da boko. To ga abin da zai yi da shi.

Shekaranjiya Alhamis aka yi gayyar maimai, wato noma na biyu, a Farfaru, a gonar Lado. Ni Ɗantala ke gaba, Ya'u na kan ganga, Manu na ja mani amshi. Mun fara da sanyin safiya, sahu na tafiya, hauya na sauka tare kamar hannu ɗaya ne ya riƙe su. Kafin rana ta kai tsaka muryata ta soma tsagewa. Na ji ta. Ba ranar ta fara ba, kuma ban taɓa cewa ba ta yi ba.

Baba Nagoggo yana zaune gindin tsamiya. Shi ne maigidana a waƙa. Na yi mashi amshi tun ban san aska ba, har tari ya cinye mashi murya ya sakar mani gaba. Tun daga nan duk inda aka kira ni sai ya bi, ya sami inuwa ya zauna, yana girgiza kai.

Ranar bai tsaya a girgiza kai ba. Ya tashi da sandarshi, ya ratsa gonar mutane a hankali, ya zo ya ɗora tafin hannu a kan gangar Ya'u. Ganga ta mutu. Hauyoyi suka tsaya. Daidai lokacin mata suka iso da fura a kai, suka tsaya su ma.

Sannan ya faɗi abin da ya faɗa.

Ba zan rubuta shi ba. Wani ya yi dariya daga ƙarshen sahu, sauran suka kama. Na ce wa Ya'u ya ci gaba, na ɗaga murya sama da ta farko don su san ban mutu ba. Ban gama baiti biyu ba ta ɗauke gaba ɗaya. Aka ƙarasa gonar Lado da ganga kaɗai.

Lahadi, bayan azahar

Na shiga kasuwa neman citta da zuma. Yau kasuwar Jibiya, mutanen ƙasar Faransa sun tsallako da yawa, ba wurin sa ƙafa. Ina wucewa ta rumfar mahauta wani ya yi kukan jaki a bayana. Na juya, kowa na kallon namanshi. Wajen masu gishiri aka sake yi.

Daga Farfaru zuwa nan maganar ta riga ni isowa. Zuwa yamma za ta kwana Maraɗi a kan raƙumi.

Litinin, da hantsi

Citta, zuma, ruwan ɗumi. Salmatu ta ce kada in yi magana. Da wa zan yi?

Talata, bayan magariba

Ya'u ya zo duba ni. Ya zauna a zaure yana wasa da igiyar takalminshi. Muryata ta ɗan dawo, kamar ta tsohuwa mai mura, amma ta isa tambaya ɗaya.

Na ce, "Don me ka tsaya?"

Ya ce, "Hannunshi na kan fata, Ɗantala. In buge hannun tsoho?"

"Da ka ja da baya."

"Shi ya koya mani riƙe gular ganga."

Na ce to ni fa, shi ya koya mani me? Ni kaina ban san amsar ba sai da Ya'u ya tafi. Na zauna na bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya ina neman rana guda da Baba ya ce mani, nan wurin ka yi kaza, gobe ka yi kaza. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne tsaki, da kai banza ne, da uwarka ta yi asarar nono, da harara in mun dawo gida. In na yi daidai shiru. In na yi kuskure zagi. Wane kuskure, sai in je in kwana ina lalube.

Kafin ya tashi Ya'u ya faɗi abin da ya kawo shi. Ummaru na Mazanya, wanda gayyarshi ta huɗar dawa ta fi kowace girma a ƙasar nan, ya aika hayin iyaka a kira mashi Abu ɗan Madarumfa. Tun zamanin Baba gayyar nan tamu ce. Kuma Abu ya aiko yana tambaya ko Ya'u zai kaɗa mashi, don nashi makaɗin ya karye a hannu.

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Ban ce komai ba tukuna."

Tukuna.

Laraba, da asuba

Na yi mafarki ina waƙa, hannun nan yana tahowa.

Alhamis, bayan la'asar

Na tafi Mazanya da ƙafa. Na tarar da Ummaru bakin rumbu yana gyaran ƙotar garma. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, bai yi mani kallon da 'yan kasuwa ke yi ba. Wannan ya fi ciwo.

Ya ce, "Ɗantala, ni ba ruwana da abin da ke tsakaninka da maigidanka. Ina son waƙarka. In ka kira sunan mutum, ko ragon gari ne sai ya sunkuya. Amma gonata ba ta ƙarewa da hantsi. In muryarka ta mutu kafin azahar, garma ma mutuwa za ta yi, mutane su watse, rabin dawata ta kwana ba huɗa. Bara da ƙyar ka kai. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya yake ba.

Na roƙe shi, ni da ban saba roƙo ba sai a cikin waƙa. Daga ƙarshe ya ce ga yadda za a yi. Ni zan fara. Abu zai zo ya zauna a inuwa. Duk lokacin da muryata ta gaza, Abu ya tashi ya karɓa, Ya'u ya ci gaba da kaɗa mashi, ba gardama. Ranar Alhamis ta biyu bayan Babbar Sallah.

Na yarda. Da na fito gari na tsaya bakin hanya na zagi tsohon nan da ƙaramar muryar da ta rage mani, har wani mai jaki ya tsaya yana kallona. Na zage shi shi ma.

Juma'a, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin manya. Ina jin idon mutane a wuyana. Haƙƙin manya. To.

Asabar, bayan magariba

Gwaggo Hajo ta iso. Ƙanwar mahaifin Salmatu ce, daga wajen Maraɗi take tsallakowa da daddawa da kuka, ta kwana gidanmu ta ci kasuwar Lahadi. A ƙuruciyarta zabiya ce, an ce ba bikin da ake yi a can ba da ita ba. Surukata ce, don haka gaisuwa kawai ke haɗa mu, ina durƙushe kaina ƙasa, in wuce.

Ta shigo tana faɗa da 'yan duwan masu tsaron iyaka, wai sun caka mata ƙarfe a kwandon daddawa suna neman abin da ba su ajiye ba. Ni ina ɗaki, ita da Salmatu suna bakin murhu, zana ce kawai tsakaninmu. Da ta gama da 'yan duwan sai ta ɗaga murya yadda ba Salmatu ake nufi ba.

"Ɗiyata, labarin mijinki ya kai mamu. Ni kau na taɓa jin shi, gayyar bara da anka yi kusa da iyaka, ina wucewa na tsaya. Ki hwaɗa mashi yana da baki. Kalma ba ta ɓacewa a bakinshi, kuma ya san wanda za ya kira da lokacin da za ya kira shi. Wanga ba koyon shi ake ba."

Salmatu ta ce to, Gwaggo.

"Amma ki tambaye shi, mi ya sa yake hwarawa daga can sama? Baitin hwarko, rana ba ta hito ba, ya riga ya kai ƙarshen muryarshi. To in sahu ya gaji ana son a ɗaga su, ina za ya hau? Ba sauran wuri. Sai ya matse maƙogwaro, sai ta tsage. Ya hwara daga ƙasa, kamar yana gaya ma maƙwabci labari bisa katanga. Ya aje saman nan sai rana ta yi zahi."

Ta koma maganar tsadar gishiri kamar ba ta ce komai ba.

Lahadi, da safe

Mai daddawa za ta koya mani waƙar noma. Ita da ta yi guɗa a ɗakin amare, a cikin inuwa, tsakanin bango huɗu. Ta taɓa tsayawa a fili iska na kwashe magana? In na fara daga ƙasa wa zai ji ni a ƙarshen sahu?

Kowa ya zama malami. Gobe 'yan duwan ma za su aiko da nasu.

Litinin, bayan azahar

Na je gonata ni kaɗai. Ba kowa sai tsuntsaye. Na gwada don in tabbatar wa kaina ba ta san abin da take faɗa ba.

Na fara waƙar Ummaru daga ƙasa. Kunya ta kama ni, kamar na fito ba riga. Ji nake ba waƙa nake ba, hira nake. Na ci gaba ina noma ina yi. Rana ta hau. Na ɗaga kaɗan. Na sake ɗagawa. Da aka kira azahar daga gari ina cikin yi, maƙogwarona bai yi zafi ba.

Na jefar da hauya na zauna a ƙasa. Ban yi murna ba. Abin da ya taso mani zafi ne. Maganar ba ta fi tsawon shan ruwa ba. Matar da ta ji ni sau ɗaya tana wucewa da kwando a kai ta gan ta. Shi kuma Baba yana zaune bayana gayya bayan gayya, damina bayan damina, yana ji, yana girgiza kai.

Ko dai ya sani ya ƙi faɗa, ko bai sani ba yake zagi. Ban san wanne ya fi muni ba.

Laraba, bayan la'asar

Na kira Ya'u da Manu bayan gari muka gwada. Ya'u ya ce in na sauko haka sai ya rage hannu da safe, kada ganga ta rufe ni. Na ce ya rage. Ya aika wani ɗan'uwanshi ya tsaya can nesa bakin kwari, ya dawo ya ce yana jin kowace kalma, har ta fi fita da da.

Manu yana da wata matsala da ta daɗe tana ba ni haushi. In na ce "mai kwana da garma," yakan makara kafin ya karɓa, sai a sami rami a tsakiyar waƙa. Da harara nake bin shi. Yau na ce, "Manu, kana jira in rufe baki. Kada ka jira. Ina kan 'garma' ka ja numfashi, ina sauka ka shiga." Ya yi sau biyu ya kama.

Ya ce, "Ashe wannan ne? Ni na ɗauka muryata ce ba ka so."

Ya'u ya kalle ni, na kalli wani wuri.

Juma'a, da hantsi

Gobe Sallah. Salmatu ta ce, "Za ka kai wa Baba nama?" Na ce ta bar ni. Ta ce ba ta riƙe ni ba.

Asabar, ranar Babbar Sallah, bayan la'asar

An sauko idi, an yanka. A filin idi ba wanda ya yi kukan komai, suna jin kunyar ranar. Na ware cinya ɗaya. Ban ce ta wane ne ba, Salmatu ma ba ta tambaya ba, ta dai nemo ƙwarya mai kyau.

Lahadi, bayan magariba

Na je Farfaru.

Na same shi a ƙofar gida kan buzu, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na yi barka da Sallah, na ajiye ƙwarya. Ya amsa kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi Salmatu, ya tambayi gona. Da na ga zai sallame ni a haka sai na gyara zama.

Na ce, "Baba, tambaya gare ni. Ranar gonar Lado, a ina na ɓata?"

Ya ce, "Duka."

"Wane baiti?"

"Na ce maka duka. Kunne gare ka ko ba ka da shi?"

"Ina da shi. Na ji abin da ka kira ni, duk Farfaru ta ji, Jibiya ta ji. Abin da ban ji ba shi ne abin da zan gyara. Farawa ce? Numfashi ne? Shiga ce? Faɗa mani guda ɗaya in tafi da shi."

Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, "Ni wa ya hwaɗa mani? Maigidana da gora yake bi na. In na ɓata in ji ta a ƙeya. Haka na iya, haka kowa ya iya. Ku 'yan yanzu so kuke a tauna a ba ku."

Na ce, "To gorar ta hana taka muryar mutuwa?"

Bai kamata in faɗa ba, wai. Haka Salmatu ta ce. Ni ban ga abin da bai kamata ba. Tambaya ce.

 Na ce, tunda na fara bari in ƙarasa. Na gaya mashi wata tsohuwa mai daddawa ta ba ni a zama ɗaya abin da bai ba ni ba tun ina yaro. Na gaya mashi abin da ta ce. Na ce, "Ka san da wannan ko ba ka sani ba?"

Bai ce ya sani ba. Bai ce bai sani ba. Ya ce, "Tashi ka bar mani ƙofar gida."

Na tashi.

Litinin, da hantsi

An dawo da ƙwaryar. Naman na ciki, ba a taɓa ba. Matar maƙwabcin Baba ce ta kawo, ta ajiye a zaure ta tafi ba ta sha ruwa ba.

Litinin, bayan la'asar

Salmatu ta yi kuka. Ta ce ba a taɓa maido wa gidansu naman Sallah ba. Na ce ta soya mu ci. Ta ce ita ba za ta ci ba. Ni ma na kasa. Mun ba almajiran makarantar allo.

Laraba

Ban yi waƙa ba yau. Ba murya ce ta hana ba.

Alhamis, bayan azahar

Saura mako. Ya'u ya ce a gari ana cewa na zagi maigidana ranar Sallah. Shi da ya tsayar da ganga a gaban duniya ba a ce ya zage ni ba, an ce ya yi mani faɗa. Faɗa. Ni kuma tambaya ɗaya ta zama zagi.

Ya'u ya ce ya ba Abu amsa: zai kaɗa mashi in na faɗi, ba kafin nan ba. Na ce na gode da wannan babbar amana. Ya ce, "Ina da iyali, Ɗantala." Na san yana da su.

Asabar, bayan magariba

Gwaggo Hajo ta dawo. Wannan karon ban ɓuya a ɗaki ba. Na zo bakin zana na durƙusa, na ce, "Gwaggo, na gwada. Ta kai azahar."

Ina jin Salmatu ta daina motsa tuwo. Ba a saba suruki ya tsaya hira da suruka ba. Sai ta ce, "To tunda ka cire kunya ni ma na cire. Yi mani baiti biyu, da amshin."

Na yi, a hankali, ina karɓa wa kaina.

Ta ce, "Ƙasan ya zauna, madalla. Yanzu saura guda. Can bara na lura, in 'yan amshi sunka karɓa, kai ma kana bin su. Don mi? Ba ka yarda da su ba? Wurin nan naka ne na hutawa. Ka ruhe baki, ka cika ciki da iska, ba ƙirji ba, ciki. Su yi aikinsu. Wanda ya yi nashi ya yi na wasu ba ya kai la'asar."

Na ce akwai wani? Ta ce akwai, amma ba yau ba, biyu sun ishe ni ɗauka zuwa Mazanya.

Sai na kasa riƙewa, na ba ta labarin Farfaru da naman da aka maido. Na ɗauka za ta ce na yi daidai. Ta ce, "Na san Nagoggo tun yana saurayi. Na ji shi wata shekara a hilin Madarumfa, mata sun bar tallarsu sun bi shi. Kunnenshi ba ya ƙarya. In ya ce akwai ɓaraka, akwai ta. Bakin hwaɗin inda take ne ba shi da shi."

Na ce to laifin wa?

Ta ce, "Ni ban zo rabon laihi ba, daddawa na kawo."

Lahadi, da safe

Kunnenshi ba ya ƙarya. To bakinshi fa? An yi kukan jaki a bayana a kasuwar garinmu. Ita ba ta ji wannan ba.

Talata, bayan la'asar

Mun gwada sau uku tun Lahadi. Rufe baki lokacin amshi ya fi farawa daga ƙasa wuya. Bakina na buɗewa da kanshi. Na ce wa Manu duk lokacin da ya ji ni cikin amshinsu ya taka mani ƙafa. Babban yatsana ya kumbura.

Laraba, bayan magariba

Gobe. Ya'u ya ce ya ji Baba ya nemi a ara mashi jaki zuwa Mazanya. To, ya zo ɗin. In ya taso wannan karon ban san abin da zan yi ba, kuma ba na son in sani.

Juma'a, 12 ga Agusta, da hantsi

Jiya ban iya riƙe fensir ba. Yau zan rubuta duka.

An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Mutane sun fi na bara, har da 'yan hayin iyaka da suka biyo Abu don su ga yadda zai karɓe. Abu ɗan Madarumfa dogo ne, mai fara'a, ya zo ya ba ni hannu ya ce Allah ya ba da sa'a. Da ya yi mani rashin kunya da na fi jin daɗi. Ya je ya zauna gindin wata ƙirya. Can gefe, shi kaɗai, Baba ne kan buzunshi. Ban je gaishe shi ba.

Na fara daga ƙasa. Na ga wasu sun ɗago kai suna duban juna, wai ko muryar ce ba ta warke ba. Wani ya ce, "Ɗaga mana." Ban ɗaga ba. Ya'u ya rage hannu kamar yadda muka yi. Na kira Ummaru, na kira ubanshi da ya sare dajin ya mai da shi gona, na bi sahu ina kiran mutane ɗaya ɗaya, kowa da abin da aka san shi da shi. Garma ta fara sauka tare.

Manu ya taka ni sau biyu kafin hantsi. Daga nan bai sake ba.

Da rana ta take, sahu ya fara karyewa daga hagu, samari suna miƙewa suna riƙe ƙugu. Abu ya gyara hularshi, na gan shi. Nan ne na hau. Wurin yana nan, ban taɓa shi ba tun safe. Na kira sunan wanda ya fi kowa ja baya, na ɗaga shi sama har ya yi ihu ya sunkuya, sauran suka bi shi. Ya'u ya saki hannu gaba ɗaya.

Aka yi azahar, aka sha fura, aka koma. Wajen la'asar muryar ta soma kaushi, ba zan ɓoye ba, baitocin ƙarshe da dabara na ja su. Amma da aka huɗe layin ƙarshe ina tsaye ina yi. Abu bai tashi daga gindin ƙirya ba sai da zai tafi gida. Ya zo ya ce, "Ka sa na yi tahiyar banza," yana dariya. Ummaru ya sallame shi da mutunci, ni kuma ya ce badi kada in jira aike.

Mutane na watsewa Manu ya taɓa ni ya ce Baba na kira. Na ce ban ji ba. Ya ce, "Yana ɗaga sanda." Ya'u ya ce in je, ko don idon jama'a.

Na je na durƙusa, ban gaishe shi ba. Shi ma bai ce sannu ba. Yana ta motsa baki kamar mai tauna abu mai tauri. Na ɗauka zagin ne yake shiryawa, na riga na yanke cewa in ya fara zan tashi in bar shi da bakinshi.

Ya ce, "Wurin da kake kiran uban Ummaru."

Na ce, "Na'am."

"Kana shiga ganga ba ta sauka ba. Ya'u na da bugu guda da ya rage, kai ka riga ka hau kanshi. Sau ukku ka yi." Ya ɗaga hannu ya bugi gwiwarshi, ɗaya, biyu, ya tsaya, sannan ya buɗe baki zai nuna mani inda ake shiga. Abin da ya fito ba murya ba ce. Tari ya kama shi har ya dafa ƙasa. Na tsaya ina kallo, ban san ko in riƙe shi ba. Da ya samu numfashi ya sake buga gwiwa, wannan karon ya nuna wurin da yatsa kawai.

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Shi ke nan. Kira mai jakin."

Na kira mai jakin, na ɗora shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Bai ce na yi kyau ba, bai ambaci gonar Lado ba, bai ambaci nama ba. Suka kama hanyar Farfaru.

A hanyar gida na tambayi Ya'u. Ya ce gaskiya ne, ina cin mashi bugu ɗaya a wurin, tun shekarun baya, shi yake rufewa. Na ce don me bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "Ba ka taɓa tambaya ba, kuma fuskarka ba ta ba da hanya."

Salmatu ta ce tunda ya kira ni da kanshi, in je Farfaru in ba shi haƙuri a wuce wurin. Na ce ba yau ba. Ta ce gobe? Na ce ban sani ba. Ban huce ba, kuma ba zan rubuta na huce ba don takarda ta yi kyau. Ashe ya iya faɗa. Da ya faɗa tun ina yaro.

Na aika wa Ya'u ya zo da ganga bayan la'asar. Sai mun gyara wurin nan na uban Ummaru.